Ƙahon Silima Mai Ɗakuna: Na Asali Ko Na Kwaikwayo?

Kano gari ne da ya daɗe da sabawa da lasifika. Tun 1944 Turawa suka kafa rediyon waya a birnin, aka rarrataya akwatunan magana a gidaje da wuraren taruwar jama'a. Yau wanda ya bi Titin Maiduguri ta Hotoro, ya wuce gidan talabijin na ARTV da aka fi sani da CTV a da, zai gaji da ƙirga ƙahonni: a kan hasumiyoyin masallatai, a ƙofar islamiyyu, a kan motocin masu tallar magani, ban da manyan akwatunan da ake jibgewa a zaurukan biki. Galibinsu ƙirar Ahuja ce ta Indiya, ko TOA ta Japan, ko kwafinsu daga Sin. Amma akwai wani ƙaho da ba a cika maganarsa a nan ba, alhali masu son sauti a Japan da Koriya da Jamus suna zuba dubban daloli a kansa. Shi ne ƙahon silima mai ɗakuna: ƙananan ƙahonni takwas, ko goma, ko sha biyar, an jera su sahu-sahu, bakunansu sun buɗe kamar mafici, gindinsu ya haɗu a maƙogwaro guda. An daina ƙera shi a manyan masana'antu tun tuni, sai ga shi ya dawo ta hannun masu kwaikwayo, ya kuma taho da gardama: wanne ya fi inganci, wanne ya cancanci kuɗinsa, tsohon da ya kwana shekara saba'in a bayan allon silima ko sabon da aka ƙera bara?

Kafin a yi hukunci sai an san matsalar da aka ƙirƙiro shi don ya magance. Sauti yana tafiyar mita 343 a sakan guda. Mai kauri, kamar na ganga, yana bazuwa ko'ina. Siriri kuwa, wanda shi ke bambanta "sa" da "fa" da "tsa" a bakin mai magana, miƙewa yake yi ɗoɗar. Ƙaho mai baki ɗaya yakan harba siririn sautin ga waɗanda ke gabansa kawai, na gefe su ji gunaguni ba su gane kalma ba. Da fim mai magana ya shigo a 1927, wannan ya zama asarar kuɗi ga masu gidajen silima, domin wanda ya sayi tikiti ya zauna a gefe shi ma yana da haƙƙin jin abin da ake faɗa. Wani injiniya na Bell Labs a Amurka, E. C. Wente, ya kawo dabarar raba ƙahon gida-gida, kowane ɗaki ya fuskanci nasa ɓangaren na zauren. An gwada irin waɗannan ƙahonni ranar 27 ga Afrilu 1933, lokacin da makaɗan Philadelphia suka yi wasa a garinsu, aka tura sautin ta wayar tarho zuwa wani babban zaure a Washington, shugaban makaɗan Leopold Stokowski yana zaune can yana sarrafa ƙarfin muryar.

Masu fim ne suka mai da gwajin kayan kasuwa. A kamfanin MGM an lura cewa in 'yar rawa Eleanor Powell ta buga takalminta sau ɗaya, ana jin bugu biyu a zaure. John Hilliard ya gano dalili: ƙahonnin lokacin tsawonsu ya bambanta da ƙafafu da dama, saboda haka sautin ɗaya yana riga na ɗayan isowa kunne. Douglas Shearer, shugaban sashen sauti na kamfanin, ya tara Hilliard da Robert Stephens da James B. Lansing da John Blackburn suka fito da sabon tsari: akwatin sauti mai kauri a ƙasa, ƙaho mai ɗakuna a bisansa. Tsarin ya sami lambar yabo ta fasaha ta masana'antar fim ta shekarar 1936. A 1941 kamfanin Altec ya sayi masana'antar Lansing, a 1945 kuma ya fito da jerin na'urorin da ya sa wa suna Voice of the Theatre, waɗanda suka mamaye gidajen silima na shekaru masu yawa. A Landan kamfanin Vitavox ya yi nasa. Wannan zamani shi ne zamanin da silima ta kafu a Kano: Rex ta buɗe a 1937, Palace kuma a 1952 a cikin ganuwa, kusa da Kurmi, duk da adawar da malamai da jama'ar gari suka nuna. Daga baya aka sami su El Dorado da Plaza da Orion da Marhaba. Mutanen da suka haddace waƙoƙin Mohammed Rafi da Lata Mangeshkar a waɗannan gidaje sun ji su ne ta bakin ƙaho, daga nesa, a fili mai faɗi da sau da yawa ba shi da rufi.

Lambobin Altec suna gaya wa mutum abin da ke hannunsa. 805 na nufin ɗaki takwas, sauti daga karkarwa 500 a sakan zuwa sama. 1005 ɗaki goma ne, 1505 sha biyar, 1803 kuma sha takwas da ke sauka har 300. Kowane ɗaki yana kula da kusurwar kimanin digiri 20, don haka mai sahu biyu na biyar-biyar ya dace da zaure mai faɗi marar bene, mai sahu uku kuma da zauren da ke da 'yan kallo sama da ƙasa.

Yadda aka ƙera na asali shi ne tushen martabarsa. Fallen ƙarfe ake yankawa, huɗu ga kowane ɗaki, a lanƙwasa su a kan ma'auni, a liƙe gefunansu da dalma da hannu, sannan a haɗa ɗakunan su kai ga maƙogwaro. Ƙarfe siriri yana da amo nasa na kansa. In ba a kashe shi ba, duk muryar da ta bi ta cikinsa za ta fito da ɗan ƙarar gwangwani. Na farko-farko sai aka rufe bayansu da wani ƙarfen, aka cika tsakanin ɗakunan da kwalta. Sun yi nauyin da mutum ɗaya ba ya ɗauka cikin sauƙi, amma in ka ƙwanƙwasa su ba ka jin komai sai "dum". Na baya an rage musu tsada da nauyi: aka bar kwalta, aka riƙa fesa musu wani abu mai kauri a baya. Masu tara tsofaffin kaya suna fifita masu kwaltar, kuma a nan ina tare da su, domin bambancin ba na suna ba ne, kunne yana jin sa.

Sai dai ga abin da ake yawan mantawa. Ƙaho ba shi da waya, ba shi da maganaɗisu, ba shi da abin da ke motsi. Siffa ce kawai da aka ba iska. Aikinsa irin na kakaki ne: ƙarfen ba ya yin murya, leɓen mabushi ke yi, ƙarfen ya ɗauke ta ya kai nesa. Siffar kuwa lissafi ce da aka sani tun 1919, lokacin da Arthur Webster ya wallafa ƙa'idarta. In ana son ƙaho ya sauka zuwa karkarwa 300, girman filin ramin bututunsa zai riƙa ninkawa duk bayan kimanin santimita 6. Wanda ya bi wannan daidai a 2025 ya sami abin da Altec ta samu a 1950. Iskar da ke wucewa ba ta tambayar shekarar da aka yi bangon. Shi ya sa ban yarda da masu cewa akwai wani sirri a tsohon ƙarfe da ba ya kwaikwayuwa ba. Abin da ke cikinsa kulawa ce da ma'auni, kuma duka biyu ana iya maimaita su.

Ana iyawa, amma ba kowa ke yi ba, a nan kuma gardamar ta fi zafi. Na kwaikwayo ba iri ɗaya ba ne. A Turai akwai kafintocin da ke yin ɗakunan da siraran katako, wasu su cika tsakani da yashi, aikin da ke cin makonni. A Japan kamfanin GIP, a Sin kuma Line Magnetic, sun shahara da sake ƙera tsofaffin kayan sauti na kamfanin Western Electric. Akwai masu zuba roba mai zaren gilashi a cikin mazubi, akwai masu fitar da ɗakunan da na'urar ɗab'i mai gina abu. Sannan akwai tarin masu duban hoto su yi abin da ya yi kama, ba su taɓa riƙe na asali ba balle su auna shi. Na ƙarshen nan su suka ɓata wa sauran suna. Daga nesa ƙahonsu ba shi da maraba da 1505, amma in ka leƙa maƙogwaron sai ka ga inda aka yi ha'inci.

Maƙogwaro shi ne wurin da aikin yake. A can ne rami guda, wanda faɗinsa inci 1.4 ne a injin Altec 288 da ke tura sauti cikin ƙahon, yake rabuwa gida goma ko sha biyar. Dole bangon da ke raba su ya zama siriri kamar bakin wuƙa, dole kowane ɗaki ya sami rabonsa daidai, dole tsawon hanyoyin ya zo ɗaya. Siririn sauti mai karkarwa 10,000 tsawon zangonsa bai wuce santimita uku da rabi ba, don haka kuskuren 'yan milimita, ko dunƙulen gam, ko tudun walda, ya isa ya mai da wani sashe na sautin baya. Ƙarfe ya fi katako sauƙin kaifafawa a wannan wuri. Katako kuma ya fi ƙarfe rashin amo tun asali. Kafinta nagari yakan shawo kan matsalarsa da haƙuri da fayil, maƙeri nagari ya shawo kan tasa da abin da zai cika bayan ƙarfen. Wanda ba nagari ba a cikinsu duka yakan ƙawata baki, inda ido ke gani, ya bar maƙogwaro yadda ya samu.

Na asalin ma ba a sayen sa da ido rufe. Abin da ya shekara sittin ko saba'in ya sha faɗuwa daga kan katako, ya sha jifa a sito. Ɗakuna sukan lotse, dalma takan saki, wurin da ya saki kuma yakan yi zuza a wani sautin musamman, ba ka jin ta sai waƙa ta kai can. Kwalta takan bushe ta tsattsage ta rabu da ƙarfen. Mahaɗin da ke tsakanin ƙaho da injinsa sau da yawa ya ɓata, nemansa shi kaɗai wani kuɗi ne. Ga kuma matsalar da masu silima ba su sani ba: su galibi ƙaho ɗaya suke sakawa a tsakiyar allo, mai saurare a gida kuwa biyu yake so, dama da hagu. Yawancin "biyun" da ake tallatawa daga gidaje daban-daban aka haɗo su, wani lokaci shekara goma ce tsakaninsu. Sabon kwaikwayo nagari yana zuwa biyu daga hannu ɗaya, a mako ɗaya, kan ma'auni ɗaya. Wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Yanayinmu yana da nasa hukuncin, wanda mai sayarwa a Turai ba zai faɗa maka ba. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yana haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuma ya fi haka. Kwalta tana laushi a irin wannan zafi. Da hunturu laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, katakon da aka manna a ƙasa mai danshi sai ya tsuke, gaɓoɓinsa su buɗe, damina ta zo ya sake kumbura. Gara na nan. Ƙurar hunturu tana bin ɗakunan har maƙogwaro, zanzaro kuma ba abin da yake so irin rami mai duhu da zai yi gininsa. Duk wanda ya taɓa sauko da ƙahon masallaci da ya dushe ya san abin da ake tararwa a ciki. Ta wannan fuska ƙarfe mai feshi a baya, ko roba mai kauri, sun fi dacewa da mu a kan katako mai tsada, sai in ɗakin yana da sanyi da tsabta kullum.

Rabin gardamar ma ba a kan ƙahon ya kamata a yi ta ba. Muryar tana fitowa ne daga injin da ke gindinsa, wanda masu gyara ke kira yunit: tantanin alminiyum da bai kai kaurin takarda mai kauri ba, da koyil, da maganaɗisu. Nan ne tsufa yake cin abu da gaske. Tantani yakan gaji ya tsage. Tsohon maganaɗisu mai sinadarin kobalt yakan rage ƙarfi in ya sha bugu ko wuta mai yawa, sai an sake cajinsa da na'ura ta musamman. Faɗan Kolwezi a ƙasar Zayar a 1978 ya sa kobalt ya yi tsada, kamfanoni suka koma wani maganaɗisun, shi ya sa na kafin lokacin suke da farashi na daban. Bayan da Altec ta daina wannan aiki, wani tsohon injiniyanta ya kafa Great Plains Audio a Oklahoma a ƙarshen shekarun 1990, ya ci gaba da yin tantani da gyaran tsofaffin injuna da kayan aikin masana'antar. Ƙahon asali da gajiyayyen yunit, ko da tantanin jabu, ba zai kama ƙafar kwaikwayo nagari mai lafiyayyen yunit ba. Mai kuɗi ƙayyadaddu ya fara zuba su a nan.

Akwai kuma gaskiyar da masoya wannan ƙaho ba sa son ji: an daina yin sa ne don an sami wanda ya fi shi a aikin da aka ƙirƙiro shi dominsa. A can saman sauti kowane ɗaki yakan fara harba nasa shi kaɗai, sai sautin ya fito yatsu-yatsu. Mai tafiya daga gefe zuwa gefe zai ji yana ƙaruwa yana raguwa. A zamanin da, wannan bai dami kowa ba, domin ƙa'idar sautin fim ta 1938 ta riga ta dushe abin da ya kai karkarwa 8,000, 'yan kallo kuma suna nesa. A 1975 Don Keele na kamfanin Electro-Voice ya bayyana ƙaho mai baki ɗaya da ke raba sauti daidai ba tare da ɗakuna ba, Altec ta biyo da Mantaray, JBL da Bi-Radial. Sun fi sauƙin yi, sun fi araha. Saboda haka kwamitin masallaci ko mai zauren biki a Hotoro da ke fama da amsa-kuwwa ba ya bukatar tsohon Altec ko kwafinsa. Abin da yake bukata daga tarihin nan shi ne tunanin Wente: a kai murya inda mutane suke, a kawar da ita daga bango da rufi. Masallatanmu na yanzu tayil ne da siminti da ƙubba, duka masu mai da sauti baya, maganin da aka saba yi kuma shi ne a ƙaro ƙaho a ƙara murya. Hakan ƙara dagula huɗuba yake yi. Abin yana damuna, domin dattijon da ke sahun baya ya zo ne ya ji kalma, ba ƙara ba.

To me ya sa har yanzu ake nemansa? Saboda abin da yake yi wa muryar ɗan Adam da kayan kiɗa na hannu. Yunit da ƙaho suna ba da kimanin desibel 110 daga wat ɗaya, akwatin gida na yau da kullum kuwa wajen 90. Ma'ana, ƙahon yana bukatar kashi ɗaya cikin ɗari na wutar da akwatin ke ci kafin ya kai ƙarfi ɗaya. Tantaninsa kusan ba ya motsi, don haka bugun kalangu a waƙar Shata yana fitowa da kaifinsa, kuntigin Ɗanmaraya Jos yana tsayawa a gabanka, numfashin Husari tsakanin aya da aya ba ya ɓata. A garin da mutane da yawa suka koma sola da batir, na'urar da 'yan wat kaɗan suka ishe ta ba abin rainawa ba ce. Shagunan shayi na masu sauraren jaz a Japan sun riƙe Altec shekara da shekaru saboda wannan, a Seoul kuma an buɗe gidan tarihin sauti na Audeum a 2024, cike da kayan silima na da.

Maganar daraja kuwa kashi biyu ce, kuma cakuɗa su ne ke jawo wa mutane asara. Na asali yana da darajar kasuwa: ba a ƙara yin sa, masu nema suna ƙaruwa, wanda ya saya da kyau yakan sayar ba tare da faɗuwa ba. Na kwaikwayo yana da darajar aiki: ranar da ka biya shi farashinsa ya fara sauka, sai in maƙerinsa ya yi suna. Wanda ke son ajiya da tarihi ya nemi na asali, ya kuma yarda zai yi jinyarsa. Wanda ke son saurare, ra'ayina shi ne kwaikwayo mai kyakkyawan maƙogwaro ya ishe shi, har yakan fi. Abin da ba shi da uzuri shi ne a manna tambarin Altec ko Western Electric a kan sabon abu, a shafa masa tsatsa, a sayar a matsayin tsoho. Kwaikwayon siffa halal ne, haƙƙin mallakar dabarar ya ƙare tun da daɗewa. Sa sunan wani a kan aikinka algus ne.

Ga Bakano akwai lissafi na uku. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, duk abin da ake biya da dala ya yi tashin da kowa ya sani, wannan kuma kaya ne mai girma da nauyi, ga kuɗin jirgi, ga kwastan, ga hanya daga Legas. Alhali aikin da Altec ta yi na yankan falle, lanƙwasa da liƙi da dalma aiki ne da masu ƙera akwatin ƙarfe da mazurari da bututun injin niƙa suke yi kullum a garin nan. Hannun yana nan. Abin da za a kawo masa shi ne zanen ɗaki ɗaya da ma'auninsa a milimita, da gungumen katako da aka sassaƙa daidai cikin ɗakin don kowane falle ya kwanta a kansa, da mai tarni da zai fitar da mahaɗin yunit, da kuma mai ba da aiki da zai biya kuɗin makonni, ba na kwana biyu ba. Ɗaki takwas ya fi sauƙin farawa da shi a kan sha biyar. Bayan ƙarfen ana iya cika shi da busasshen yashi, wanda zafin Afrilu ba ya narkarwa.

Ko na waje ne ko na gida, gwajin ɗaya ne, kuma ba ya bukatar kayan awo masu tsada. A ƙwanƙwasa kowane ɗaki da gaɓar yatsa. Wanda ya yi ƙararrawa ko zuza yana da magana. A cire yunit, a haska tocila ta maƙogwaro, a duba ko ramukan sun zo ɗaya, bangayen kuma sirara ne ba tudu. A sa manhajar waya mai fitar da sauti daga ƙasa zuwa sama a hankali, a kasa kunne ga inda wani abu zai kaɗa, amma kada a sauka ƙasa da lambar ƙahon, domin hakan yana yaga tantani. Sannan a sa muryar mai karanta labarai da aka saba da ita, a yi tafiya daga wannan gefe zuwa wancan. Wanda kuma ya ci karo da irin wannan ƙaho a siton tsohon gidan silima ko na gidan rediyo, ko a tarin 'yan gwangwan a Ƙofar Ruwa, kada ya bari a ɗora shi a sikeli. Ya nemi lambar da ke jikinsa, ya tambayi inda yunit ɗin da mahaɗinsa suke, ya kuma bar fentin yadda ya same shi, domin masu saye sun fi biyan wanda ba a taɓa ba, maƙeranmu kuma daga jikinsa za su ɗauki ma'auni.